Suna Linzami: Beksinski da Zanen Fargaba

A kudancin Warso, babban birnin ƙasar Polan, akwai wata unguwa ta dogayen benaye irin waɗanda gwamnatin gurguzu ta yi ta ginawa a shekarun 1970, gida bisa gida, ƙofa tana kallon ƙofa. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje wani mutum mai tabarau ya zauna kusan shekara 28, daga 1977 zuwa 2005. Kullum da safe yakan shiga ɗakin da ya mayar wurin aikinsa, ya kunna kiɗa, ya tsayar da falankin katako a gabansa, ya ɗauki buroshi, ya duƙufa kamar tela a kan kekensa, har hasken rana ya yi rauni. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da fara'a da son hira da raha, da kuma wata irin kunya. Ba ya son tafiya. Ko bikin buɗe nunin zanensa ba ya halarta. Wanda ya gamu da shi a bakin ƙofa sai ya ɗauka wani akawu ne mai jiran ranar ritaya. Sunansa Zdzisław Beksiński, kuma daga wannan ɗaki ne aka riƙa fito da zane-zanen da a yau ake lissafawa cikin mafi ban tsoro da hannun ɗan Adam ya yi a ƙarni na 20.

Wanda bai taɓa ganinsu ba yana bukatar a kwatanta masa. A wani zane na 1972, wani ɗan ƙaramin mutum ne yake tafe cikin wani kwari mai duhu, riƙe da ɗan haske a hannunsa, dama da hagu kuwa waɗansu ƙattai ne jere kamar duwatsu, lulluɓe da mayafai, fuskokinsu ƙoƙon kan matattu, dukansu sun sunkuyo a kansa. A wani kuma, daga cikin na shekarun 1970 ɗin, wata halitta ce take rarrafe da hannuwa da ƙafafu sirara kamar na gizo, an naɗe kanta da farin tsumma wanda jini ya ɓullo ta tsakiyarsa, a bayanta gari yana cin wuta. Akwai manyan majami'u da aka gina kamar da ƙashi da jijiya maimakon dutse, akwai jiragen ruwa da motoci da suka ruɓe kamar mushe, akwai fuskokin da ba su da ido. Sararin samaniya a yawancinsu ja ne mai garwaye da ƙura, irin jan da gari yake yi gab da saukar guguwar farkon damina. Abin da ya fi damun mai kallo shi ne tsabtar aikin: kowace jijiya, kowane tsagin fata, an zana shi da natsuwa da haƙuri, babu alamar hannu ya yi rawa.

An haifi Beksinski ranar 24 ga Fabrairu 1929 a Sanok, wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Polan, a bakin kogin San. Yana ɗan shekara 10 yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Jamus ta mamaye garinsu a watan Satumba na 1939, kogin da ke gefen gari ya zama iyaka tsakanin sojojin Jamus da na Tarayyar Sobiyet har zuwa 1941. Yahudawa babban kaso ne na mutanen Sanok a lokacin. A 1942 aka tattara su a wani sansani da ke Zaslaw, kusa da garin, daga can aka kwashi mafi yawansu zuwa sansanin kisa na Belzec. Ƙasar Polan baki ɗaya ta rasa mutum wajen miliyan 6 a wannan yaƙi, kusan rabinsu Yahudawa. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya ga yadda ake wayar gari a tarar da layi guda na gidaje babu kowa a ciki.

Bayan yaƙi ya tafi birnin Krakow ya karanci ilimin tsara gine-gine, ya kammala a 1952. Ya yi aikin sa ido a wuraren gini, aikin da ya ce bai taɓa so ba, sannan a 1955 ya koma Sanok, inda daga baya ya samu aiki a masana'antar ƙera motocin safa ta garin. Bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba. Da kyamara ya fara, yana ɗaukar hotunan bango mai tsagewa da fuskoki naɗe da tsumma, sannan ya gwada sassaƙa, sannan ya tsaya a kan zane. Nunin da aka shirya masa a Warso a 1964 shi ya fito da sunansa, domin an saye duk abin da aka rataya. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya yi zane-zanen da aka fi saninsa da su, da fentin mai a kan falankin katako. Ya taɓa bayyana burinsa da cewa yana so ya yi zane kamar wanda yake ɗaukar hoton mafarki.

Wannan magana ta mafarki ita ta sa masu nazari suka jingina shi da salon da ake kira sureyalizim, wato abin da ya zarce zahiri. Malaman da suka karantar da adabin Faransanci sun san asalin wannan salo. André Breton ne ya fitar da sanarwarsa a Paris a 1924, kuma shi Breton ɗin ya yi aiki a asibitocin soja lokacin yaƙin duniya na farko, inda ya ga samarin da tsawar igwa ta gigita wa hankali. Shi da abokansa sun yanke ƙauna daga hankalin da ya kai Turai ga wannan mahaukaciyar kashe-kashe, suka juya ga mafarki da abin da zuciya take ɓoyewa. Breton ɗin nan ne kuma ya haɗu da Aimé Césaire a tsibirin Martinik a 1941. Ke nan tun daga tushe, wannan salo ɗan yaƙi ne, kuma reshensa mai duhu, wanda Beksinski ya zama jigonsa, bai yi nisa da gida ba.

Amma kakansa na gaskiya ya girmi Breton da shekara 150. A 1819 mai zanen nan na Sifaniya, Francisco Goya, yana tsoho, kurma, bayan ya ga ta'asar yaƙin da sojojin Napoleon suka kawo ƙasarsa, ya sayi wani gida a bayan birnin Madrid. Tsakanin wannan shekara da 1823 ya zana hotuna 14 a jikin bangon ɗakunan gidan, masu duhu ƙwarai, ciki har da wani ƙato mai zazzare ido yana cin jikin mutum. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi, bai kuma yi su don a gani ba. Sai daga 1874 aka fara ɓamɓare su daga bango ana mayar da su kan ƙyalle, yanzu suna gidan tarihi na Prado a Madrid. Sunayen da aka san su da su a yau waɗansu ne suka raɗa bayan mutuwarsa. Shi Goya bai sa musu ko ɗaya ba.

A nan ne mutanen biyu suka yi tarayya, kuma a nan ne zancen yake. Beksinski ya yi ɗaruruwan zane-zane, ya ƙi raɗa musu suna. Abin da ake gani a jikin waɗansu ƴan haruffa ne da lambobi na lissafin ajiya, irin AA72, wanda shi ne na ɗan mutumin nan mai haske. Halittar da take rarrafe kuwa, masu kallo ne suka laƙaba mata sunan mutuwa mai rarrafe, ba shi ba. In ƴan jarida suka tambaye shi me zane kaza yake nufi, amsarsa ba ta sauyawa: shi ma bai sani ba, kuma sanin bai dame shi ba. Har yakan ce ana yi wa aikinsa gurguwar fahimta, domin shi yana ganin fata nagari, har da abin dariya, a cikin waɗansu.

Bahaushe ya ce suna linzami. Abin da aka sa wa suna an sa masa linzami ke nan, ana iya jan sa zuwa inda ake so, a ɗaure shi a turke, a juya baya a tafi. Da Beksinski ya rubuta «Yaƙi» a ƙarƙashin garin nan mai cin wuta, da mai kallo ya numfasa ya ce: to, labarin Turai ne na 1944, ya wuce. Da ya rubuta «Jahannama», da wanda ya yarda da ita ya ce ya riga ya sani, wanda bai yarda ba ya ɗaga kafaɗa. Da ya rubuta «Mulkin gurguzu», da zanen ya tsufa tare da wannan mulki a 1989. Da ya hana sunan, sai ya bar mai kallo tsaye da abin a gabansa babu igiyar riƙewa. Fargabar da take tasowa a lokacin ba ta da wani wurin zuwa, dole ta koma inda ta fito, wato ga sanin da kowane mai rai yake ɗauke da shi tun yana yaro, cewa jikin nan da yake wankewa yake shafa wa mai, wata rana ƙasa za ta ci shi.

Mai karatu da ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi ba baƙo ba ne ga amfani da tsoro. Malaman ƙarni na 19 da almajiransu sun bar waƙoƙi masu yawa cikin ajami, da Fulatanci da Hausa, waɗanda suke siffanta fitar rai da wankan gawa da ɗaukar makara, da ƙuncin kabari da duhunsa, da tambayar mala'iku, da tsayuwar ƙiyama, siffantawar da take sa tsikar jiki ta tashi. Makafi sun rera su a ƙofofin gidaje, mata sun haddace su a tsakar gida. Sai dai tsoron waƙar wa'azi yana da linzami, kuma da gangan aka sa masa: mawaƙin yana tsoratarwa ne domin a tuba, a gyara mu'amala, a mayar da haƙƙin maraya, kuma bayan baitocin azaba akwai baitocin rahama. An nuna wa mai sauraro ƙofar fita. Beksinski ba mai wa'azi ba ne, bai kuma yi da'awar yana da ƙofar da zai nuna wa kowa ba. Ya tsaya ne a kan rabin farko na aikin, wato tunatarwa zalla. Wanda ya zo gaban zanensa da imaninsa zai koma da shi, wataƙila ma a farke. Wanda ya zo hannu rabbana zai ji sanyin wurin sosai. Shi ya sa mutum biyu suke kallon zane guda, ɗaya ya ce ya tuna masa da Allah, ɗaya ya ce ya hana shi barci.

Akwai wata hanya mai sauƙi da mutane suke bi su sa wa waɗannan zane-zane linzami, tun da mai su ya ƙi: sai su ɗauko tarihin rayuwarsa su rataya musu. Tarihin kuwa yana da nauyi. Matarsa Zofia, wadda ta riƙe gidan, ta yi jinyar mahaifiyarsa da tata mahaifiyar a cikin wannan ƙaramin gida na bene har suka cika, ta rasu a 1998. Ɗansu ɗaya tilo, Tomasz, sanannen mai gabatar da kiɗa a rediyo kuma mai fassara finafinai, wanda ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, ya kashe kansa ranar 24 ga Disamba 1999, yana da shekara 41. Uban ne ya tarar da gawar. Ranar 21 ga Fabrairu 2005 kuma, saura kwana uku ya cika shekara 76, aka tarar da Beksinski kansa kwance a gidansa da sukar wuƙa 17. Wanda ya kashe shi saurayi ne ɗan shekara 19, ɗan mutumin da ya daɗe yana yi masa hidimomin gida, kuma dalilin shi ne tsohon ya hana shi rancen kuɗin da bai wuce dalar Amurka 100 ba, wato wajen jika 50 na sefa a canjin lokacin. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 25 a 2006.

Wanda ya ji wannan labari sannan ya ga zane-zanen, nan da nan zai ce: ai ga dalili, baƙin ciki ne ya yi masa yawa. Waɗansu ma sukan ce ya hango ƙarshensa ne, ko kuma shi ya jawo wa gidansa da yawan zana mutuwa. Lissafin shekaru bai goyi bayan ko ɗaya ba. Zane-zanen da suka fi ban tsoro ya yi su ne shekara 15 zuwa 30 kafin waɗannan musibu, a lokacin da matarsa take raye, ɗansa yake gabansa, ana cin abinci tare, ana gardama da dariya, shi kuma yana bin su da na'urar ɗaukar murya, daga baya da kyamarar bidiyo, yana adana hirar gida ta yau da kullum. Waɗannan faya-faye ne suka zama madogarar wani fim da aka yi a kan iyalin a 2016. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ga mutumin da fuskarsa take murmushi alhali hannunsa yana zana ƙwarangwal, kuma babu shaidar cewa ɗaya daga cikin biyun ƙarya yake yi.

Abin lura ma shi ne, a shekarun da mutuwa ta shigo gidan da gaske, zanensa ya riga ya lafa. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ya fara barin garuruwa masu cin wuta da jan sararin samaniya, ya koma ga siffa guda a tsakiyar falanki, kai ko gangar jiki, da launuka ƙalilan masu kama da toka da ƙasa. A shekarun 1990 ya shiga gwada sarrafa hotuna da kwamfuta. Bayan ya binne mata da ɗa bai koma ga tsohon salonsa na firgici ba, bai kuma ajiye buroshi ba. Ya ci gaba da shiga ɗakin aikinsa da safe kamar yadda ya saba. Mutuwar da ta same shi kuwa ba ta yi kama da komai a cikin zanensa ba. Babu ƙattai, babu majami'ar ƙashi, babu guguwa. Yaro ne wanda ya sani, wanda aka saba buɗe wa ƙofa, a kan ƴan kuɗi ƙalilan. Wanda yake neman abin tsoro na haƙiƙa a labarin Beksinski, a nan ya kamata ya duba.

Me ya sa wannan zance ya shafi malamin makaranta da mai kula da ƙungiyar al'adu? Domin zane-zanen ba su tsaya a Polan ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 wani lauya ɗan Polan mazaunin Paris, Piotr Dmochowski, ya fitar da su zuwa Faransa da Japan, intanet kuma ta ƙarasa aikin. A yau suna yawo a wayoyin samari, sau da yawa babu sunan mai su, an haɗa su da tatsuniyoyin aljanu da na la'ana. Ɗalibi yana iya miƙo wa malaminsa waya ya ce: «Malam, wannan fa?» Amsoshi biyu ne suka fi saurin zuwa baki, kuma dukansu suna rufe zancen. Ta farko a ce aikin mahaukaci ne ko na shaiɗan, a kashe wayar. Ta biyu a ba shi ma'ana guda a dunƙule, ya haddace kamar darasin jarrabawa. Gaskiya ne cewa zana mai rai al'amari ne da malaman addini suka yi magana a kansa, kuma wanda ya zaɓi kawar da kai yana da hujjarsa, ba a tilasta masa. Amma yaron da ya riga ya gani, ya kuma ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ba hukuncin hoto yake tambaya ba. Wataƙila bai daɗe da rako makara ba, wataƙila ya ga an saka kakansa a rami an mayar da ƙasa cikin sa'o'i kaɗan, aka ce masa ya yi haƙuri, ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani. A ƙasar da ake gaggauta sutura, ake kuma yaba wa mai haɗiye kuka, irin wannan yaro ba shi da wurare da yawa da zai ajiye tsoronsa.

Malamin da ya gane haka zai jinkirta bayani, ya fara da tambaya: me ka gani? Ina hasken yake fitowa? Wa ya fi ƙanƙanta a cikin hoton, kuma me yake riƙe da shi? Ɗalibin da ya dubi zanen 1972 da kyau zai lura cewa ɗan mutumin nan bai tsaya ba, bai kuma yar da haskensa ba; tafiya yake yi. Wanda aka nuna wa wani zane na 1984 zai ga mutum biyu da suka ƙare sai ƙashi da jijiya, zaune cikin jar ƙura da ta cinye duk abin da ke kewaye da su, sun rungume juna, ɗaya ya cusa kansa a kafaɗar ɗaya, yatsunsu sun nutse a bayan juna. Waɗansu suna ganin azaba a wannan zane, waɗansu suna ganin amanar da ta wuce nama. Mai zanen bai raba gardamar ba, kuma bai kamata malami ya yi gaggawar raba ta ba.

Kafin ya bar Sanok a 1977, lokacin da hukuma ta yanke shawarar rushe gidan iyayensa, Beksinski ya tara waɗansu ayyukansa a bayan gida ya cinna musu wuta, waɗansu don ba su gamsar da shi ba, waɗansu don yana ganin sirrinsa ne. Abin da ya rage a hannunsa har ƙarshen ransa ya yi wasiyya a ba gidan tarihi na garin haihuwarsa. A 2012 aka buɗe masa zaure na musamman a tsohuwar fadar Sanok, a kan tudun da yake kallon kogin San, har da kwaikwayon ɗakin aikinsa na Warso. Ƴan makaranta suna zuwa rukuni-rukuni tare da malamansu. A gefen kusan kowane zane akwai ɗan kati mai ɗauke da shekarar da aka yi shi, da irin fentin, da kalmomi biyu na harshen Polan waɗanda ma'anarsu ita ce: babu suna.